Guntuwar wayar da ta ƙona mana kwamfireso

Har yau in na shaƙi warin man kwamfireso (injin da ke matsa gas a na'urar sanyi) da ya ƙone sai gabana ya faɗi. Wani irin tsami ne mai kama maƙogwaro, kuma in man ya taɓa maka yatsa za ka yini kana wankewa bai fita ba. Ranar da na fara jin sa a injin da ke hannuna, a goman ƙarshe na azumin 2024 ne, kuma ni na jawo.

Shekarata shida ke nan ina kula da ɗakin sanyi na wani dillalin kifi a Kano, wajen Sharada. Kifin ƙanƙara muke ajiyewa, titus da shawa da kote da fanla, katan mai kilo 20, wanda tireloli ke ɗauko mana daga Legas. Aikina in riƙe ɗakin a digiri 18 ƙasa da sifili dare da rana, ko da wuta ko babu. Sauran abubuwan, narkar da ƙanƙarar da ke taruwa a fankokin ciki, duba mai, duba gas, duk wanda ya yi wata shida a wajen ya iya su.

Azumin shekarar ya faɗo daga Maris zuwa Afrilu, tsakiyar bazara. Kowa ya kunna fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki, masu ƙanƙarar sayarwa ba sa kashe injinsu, sai wutar unguwa ta yi sanyi. Wutarmu mai layi uku ce, tsakanin layi da layi ya kamata mita ta nuna maka ƙarfin volt 415, amma da magariba sai ka ga ta sauko 350, wani lokaci ƙasa da haka. A cikin akwatin wutarmu akwai wata 'yar na'ura da muke ce wa rile, girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Ita ce mai gadin layukan nan uku: in wuta ta yi ƙasa, ko layi ɗaya ya ɗauke, ko aka juya jerinsu, sai ta yanke kwamfireso. A wancan makon sai da ta riƙa yankewa sau biyar, sau shida a dare ɗaya. Duk yankewa kuwa sai na tashi janareta, ga litar man gas ta haura naira dubu tun tuni.

Da safe Alhaji, mai wajen, ya zo ya duba littafin mai, ya ɗago ya ce, "Malam, ga wuta a gari kowa na gani, mu kaɗai ne muke kwana a kan inji?" Na ce masa wutar ba ta da ƙarfi. Ya ce, "To ku ne masu sana'ar, ku san dabara." Bai ce in cire komai ba, wannan gaskiya ce, ba zan ɗora masa ba. Amma maganar ta zauna mini.

Dabarar kuwa kowa a sana'ar nan ya san ta. Ka samu guntuwar waya, ka haɗa baki biyun rile ɗin, shi ke nan ka rufe mata baki. Tana ganin matsala, fitilarta na ja, amma ba ta da ikon yanke komai. Na ga ogana da ya koya mini aiki ya yi haka ba sau ɗaya ba, sai dai shi yana tsaye a kan injin da mita a hannu, in ya gama gwajinsa ya cire. Ni na sa na tafi. Jar waya ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsana biyu ba, na yanko ta daga wata tsohuwar soket.

Kwana uku lafiya lau. Littafin mai ya yi kyau, Alhaji ya daina magana, ni kuma har ina jin kaina. A dare na huɗu na duba allon da ke nuna sanyin ɗakin wajen ƙarfe ɗaya, −19, na ce wa Baba mai gadi zan leƙa masallaci tahajjud. Daga can na wuce gida sahur. Da na dawo bayan asuba, tun daga ƙofa na ji wurin ya yi shiru irin wanda bai kamata ba. Baba ya tare ni ya ce, "Injiniya, injinka fa ya yi ta gurnani kamar sa a mayanka, can kuma ya yi tsit. Na ɗauka hutawa yake."

Abin da ya faru, fis ɗaya ne ya tsinke a taransifoma, layi ɗaya ya tafi, biyu suka rage. Fitilun harabar na ci, shi ya sa ba wanda ya lura. Motar kwamfireso, wato injin lantarkin da ke juya shi, in tana cikin juyawa layi ya ɗauke, za ta ci gaba da ja da ƙyar, tana zuƙar wuta fiye da ƙima ta layi biyun da suka rage. In kuwa ta tsaya ta zo tashi, ba za ta iya juyawa ba sam, sai gurnani, koyil, wato wayar da aka naɗe a cikinta, na dahuwa. Gurnanin da Baba ya ji ke nan. Abin da aka sa rile ta hana ke nan, ni kuma na ɗaure ta da jar waya.

Wanda ya san aikin zai ce ina obalod, na'urar da ke yanke mota in ta zuƙi wuta fiye da ƙima? Nan ne kunyar ta fi yawa. Tun farkon zafi take faɗuwa da rana, maimakon in wanke kwandansa, ɓangaren da ke fitar da zafi waje, da ƙurar hunturu ta toshe kamar an yaɓa mata laka, sai na murɗa lambarta sama don ta bar ni in huta. Na'urar jin zafi ta cikin motar kuma babu ita, domin kwamfireson na hannu ne, an taɓa yi masa naɗi kafin ya zo mana, mai naɗin bai mayar da ita ba. Masu gadi uku, ɗaya dama ba ya nan, biyu ni na sallame su da hannuna.

Na sa mita tsakanin koyil da jikin ƙarfe, ta nuna sun haɗe. Na ɗan sassauta wajen mai, baƙi ƙirin, ga warin nan. Na zauna a kan bokiti, ina azumi, bakina ya bushe tun kafin rana ta fito.

Ɗakin a cike yake, saura kwanaki kaɗan Sallah. Abu ɗaya da na yi daidai a ranar shi ne na sa kwaɗo a ƙofa na zuba makullin a aljihu. Daskararren kifi in an jera shi a matse, shi kansa ƙanƙara ne, zai riƙe sanyinsa muddin ba a buɗe masa ƙofa ba. Yaran lodi suka yi ta fushi, mata masu sari sun yi layi da bahonsu, na ce ba mai shiga. Ƙaramin injin da muke da shi na ko-ta-kwana na tayar a kan janareta, amma ƙarfinsa bai kai rabin babban ba. Allo ya riƙa hawa a hankali ina kallo, −15 da azahar, −12 da dare, washegari −9. Sai da Alhaji ya yi hayar kwantena mai sanyi muka kwashe rabin kayan cikin dare. Katan ɗin da ke sama da na bakin ƙofa sun riga sun saki. Kifin da ya saki aka sake daskarar da shi ba ya ɓuya: kwalin ya yi taswirar ruwa, ƙanƙara ta taru a gefe ɗaya na leda, kuma matan nan da yatsa ɗaya za su danna su gaya maka. Ba mu ma gwada ba, a ranar aka karya farashi aka sayar wa masu suya da masu banda.

Injiniyan da aka kira ya buɗe akwatin wuta, bai yi minti biyu ba ya zaro jar wayar ya ɗaga ta sama a gaban Alhaji. Bai ce komai ba. Na ce, "Ni na sa, Alhaji." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Da ka gaya mini abin da take karewa, da na sayi man." Wannan maganar ta fi mini zafi a kan rabin albashin da aka yi wata biyar ana yanka. Domin gaskiya ce. Ban taɓa zaunar da shi na ce ga kuɗin man dare ɗaya, ga kuɗin kwamfireso da kifin da ke ciki ba. Na ce "wuta ba ƙarfi" na yi shiru, kamar ya san me 350 ke nufi.

Gyaran ma ba cire wannan sa wancan ba ne, kuma a nan ne masu gaggawa ke ƙona na biyu. Motar da ta ƙone tana barin asid a cikin mai, man kuma ya zaga duk bututun. Sai da aka kwashe gas, aka hura naitirojin, aka canza diraya, matatar da ke tsane danshi da asid, aka ƙara wata a bututun da gas ke komawa kwamfireso, aka bar famfon zuƙe iska ya kwana yana aiki. Bayan injin ya yi kwana biyu aka sake gwada man, aka sake canza diraya. Ina tsaye a kan kowane mataki, ba don an sa ni ba, barci ne ba ya zuwa.

Abin da ke ba ni haushi har yanzu, na shiga ɗakunan sanyi da dama bayan nan, taya abokai aiki, kuma in na buɗe akwati sau da yawa sai na tarar da irin wayar nan, wata har ta yi ƙura. In na yi magana a ce, "Ai shekara biyu tana nan, ba abin da ya faru." Nima kwana uku ba abin da ya faru. Yaron da nake koya wa aiki yanzu na gaya masa, in na'ura ta yanke, tambayar ita ce me ta gani, kuma kafin ya taɓa lambar obalod ya ɗauko tiyo ya wanke kwandansa tukuna. Na sa an haɗa mana jiniya da rile ɗin, na nuna wa Baba jan maɓallin da zai danna in ya sake jin gurnani, ko ina nan ko ba na nan.

Makon jiya da ƙarfe biyun dare ta yanke. Na sa mita, layi ɗaya ya faɗi. Na tashi janareta, na rubuta lokaci da abin da mita ta nuna da litar da aka sha. Da safe Alhaji ya buɗe littafin, ya ja tsaki a kan kuɗin man, ya karanta lambobin gefe, ya sa hannu ya miƙo mini.