Gwaji goma sha ɗaya a Ikeja

Wata huɗu na yi ina fama da tukunya ɗaya a ɗakin gwajin wata masana'antar fenti da ke Ikeja. Sinadarin vinyl acetate muke dafawa cikin ruwa ya zama polima, wato farin gam ɗin da ke riƙe fenti a jikin bango. A makaranta an koya mini in bar komai yadda yake, in taɓa abu ɗaya. Haka na yi. Na daidaita zafi, na koma kan potassium persulfate mai tayar da haɗuwar, sai zafin da na yarda da shi jiya ya juya mini baya.

Shugabar ɗakin ce ta zaunar da ni. Ta ce abubuwa uku ne: zafi, persulfate, da sabulun da ke hana ƙwayoyin polimar dunƙulewa. Kowanne a ba shi mataki biyu, ƙasa da sama, a gwada duk haɗin da zai yiwu: takwas ke nan. A ƙara gwaji uku da komai a matakin tsakiya don a san iyakar kuskurenmu. Jerin gwajin kuwa ƙuri'a na jefa a cikin hulata, don kada ɗaukewar wuta ko sabon duron sinadari ya faɗa wa ɓangare ɗaya mu ɗora wa zafi laifi.

Sati biyu, magana ta fito. A digiri 70 ƙarin persulfate alheri ne, haɗuwar tana kammala. A digiri 80 shi ne ke gajarta sarƙoƙin polimar, tukunya ta ɗau zafi da kanta, gam ya yi rauni. Da abu ɗaya-ɗaya na ci gaba, har yau da ban gani ba, kuma asarar watannin nan tana damuna.

Dabarar daga gona ta fito. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya tsara ta a gonar bincike ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919, sannan wasu masana biyu, Box da Wilson, suka faɗaɗa ta don masana'antar sinadarai a 1951. Da na ba kawuna labari a Agege bayan sallar isha'i, bai yi mamaki ba.

"Ɗana, ai taki ba ruwa ƙona gero yake. Wa zai ce maka taki na da kyau bai tambayi damina ba?"

Yanzu kafin in kunna wuta a ƙarƙashin tukunya, sai na zana jadawalin gwajin a takarda tukuna.