Abin da Aikin Masaukin Ɗalibai Ya Koya Mini

Na ajiye aikina na zanen gine-gine ƙarshen watan jiya. Tunda abokan aiki sai kira suke suna tambayar abin da ya faru da masaukin ɗaliban nan, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan kama suna ba. Waɗanda muka zauna ofis ɗaya sun san wanda nake nufi.

Duk wanda ya san Sakkwato ya san yadda ɗalibai ke cunkushe a ɗakunan haya, wasu kuma kuɗin abincinsu ke ƙarewa a kabu-kabu tsakanin cikin gari da Dundaye, inda jami'a take. Shi ya sa da wani Alhaji ya zo da filinsa a tsakiyar unguwa yana son bene mai hawa takwas, na yi murna har cikin raina. Oga bai daɗe da dawowa daga ƙasar waje ba, wayarsa cike da hotunan ginin da ake ƙera ɗakunansa a masana'anta, kowane ɗaki da banɗakinsa da wayar wuta da famfo, a ɗauko a tirela, injin ɗaga kaya ya ɗora wani bisa wani. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1967 aka jera akwatunan kankare 354 a Montreal ta Kanada suka zama gidaje, a Amsterdam kuma ɗalibai sun yi shekaru suna kwana a kwantenonin da aka gyara. Aikin yana sauri, ɓarnar kaya kaɗan ce, ana haƙa fandisho a nan ana ƙera ɗakuna a can. Har gobe ina son wannan hanya.

Sai dai a irin wannan gini, titi ne ke fara yanke maka faɗin ɗaki, ba fensirinka ba. Kwantena faɗinta wajen mita 2.4 ne, babbar kuma tsawonta ya haura mita 12, ɗakin da ɗalibai biyu za su sake a ciki kuwa ya fi haka faɗi. Na ɗauki tef na bi layin da ƙafa. Ga kwata hagu da dama, ga wayoyin lantarki sun sauko, ga kwana mai tsauri daf da masallaci, kuma babu inda injin ɗaga kaya zai buɗe ƙafafunsa a ƙasa mai ƙarfi. Na rubuta duk wannan, na haɗa da maganar zafi. Inda Oga ya je, damuwarsu yadda za su riƙe ɗumi a ɗaki. Mu nan a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, akwatin ƙarfe da ba a yi wa rufin tare zafi mai kauri ba gasa mutum zai yi, kuma ba za ka jingina rayuwar ɗalibi da na'urar sanyaya ɗaki da lif a garin da wuta ba ta da tabbas ba. Shawarata ita ce hawa huɗu, a zuba allunan kankare a wani fili kusa, tunda ga siminti nan a Kalambaina bakin gari, dogayen bango su kalli arewa da kudu, kowane ɗaki iska ta shiga ta nan ta fita ta can.

Na ce masa, "Ranka shi daɗe, a daure a je a ga layin nan tukun." Ko takardar bai buɗe ba. Ya ce, "Kai yaro, zane anka ce ka yi." A gaban ƙananan ma'aikata ya faɗa.

Aka ba da aikin ƙera ɗakunan a kudu, aka biya kuɗin farko. Ana cikin haka mai unguwa ya zo da dattawa, da maganar da ta fi duk lissafinmu nauyi. Tagogin sama kai tsaye suke leƙa tsakar gidajen maƙwabta, inda mata ke girki da wanki ba lulluɓi, kuma samari ne za su cika benen. Gaskiya suka faɗa, ko ni ba zan yarda a yi wa gidan mahaifiyata haka ba. Da ginin bulo ne, sai a ce wa magini ya toshe wannan taga ya buɗe wata. A nan kuwa an riga an yanka tagar a jikin kowane ɗaki, wuri ɗaya, awo ɗaya. Ka taɓa ɗaya, ka taɓa duka. Tun ran gini tun ran zane, kuma ran zanen wannan aiki ya wuce tun kafin a zuba shebur ɗaya na kankare a filin.

Tirelar farko ta sha tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Legas, ta zo ta maƙale a kwanar masallacin nan. Injin ɗaga kaya da aka yi haya yana tsaye, kuɗinsa na tafiya kullum. Da Alhaji ya iso ransa a ɓace, sai Oga ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ga wanda yay yi zanen." Takardata tana cikin durowarsa da kwanan wata a jiki. Na yi shiru, don ba a tarbiyyantar da ni in ƙaryata babba a bainar jama'a ba. Na jira ya kira ni daga baya ko da kalma ɗaya ce ya faɗa. Bai kira ba. Shawarata ga matasan da ke shigowa: duk gargaɗin da za ku yi, ku rubuta, ku sa kwanan wata, ku ajiye kwafi a gida, kuma ku lura tun da wuri ko shugabanku mai tsaya wa yaransa ne.

Abu ɗaya dai ban bari ya wuce ba. Da kuɗi suka fara ƙarewa, aka ce in rage ƙarafan da ke ɗaure ɗaki da ɗaki. Ƙarfin irin wannan gini duk a mahaɗa yake. A 1968 a Landan, gas ya fashe a hawa na 18 na benen Ronan Point mai hawa 22, wanda aka haɗa da allunan kankare, bango ɗaya ya fita, kusurwar ginin ta rufta tun daga sama, mutum huɗu suka mutu. Ɗalibanmu kuma a ɗaki suke girki, da risho da ƙaramar tukunyar gas, ko an hana ko ba a hana ba. Na ƙi sa hannu. An daina gaishe ni a ofis saboda haka, amma ƙarfe ko ɗaya ba a cire ba.

Sauran darussan gajeru ne. A san inda ruwa zai fito da yadda zai hau sama kafin a ƙirga gadaje. Matakala biyu, ba ɗaya ba. A zauna da mai unguwa da ɗaliban kansu kafin a ja layin farko.

Yanzu aikin ya tsaya, ɗakunan da suka iso suna ajiye a wani fili bayan gari, Alhaji kuma yana neman wanda zai ba shi mafita. Wanda ya gaji kujerata ya duba kwamfutar ofis, zanen hawa huɗun nan yana ciki tare da awon layin, kuma tagoginsa duka titi da tsakar masaukin suke kallo.