Yadda Za Ka Canza Infut ɗin Amfilifaya da Maɓallin Bango

Mutane da yawa da zarar sun sayi soket ɗin nan da ake kunnawa da waya sai su jona amfilifaya a kai, to tana kunnuwa tana mutuwa kam, amma har yanzu sai an lalubo rimot kafin a canza infut, wato inda take ɗauko sauti, kamar a koma daga talabijin zuwa Bluetooth. Soket wuta kawai yake bayarwa ko ya yanke, bai san HDMI ba bai san AUX ba. Kuma ni gaskiya ba na son a dinga yanke wa amfilifaya wuta kai tsaye, wannan "ɗum" da lasifika ke yi ba alheri ba ne gare ta.

Abin da ke aiki shi ne maɓallin ya zama ɗan aike kawai. Ka samu ƙaramin maɓallin Zigbee (wata hanyar sadarwa ce mara igiya ta kayan gida) mai batir, irin na kamfanin Aqara ko IKEA, ka manna a bango, idan an danna sai ya tura saƙo zuwa Home Assistant, wato manhajar da ke sarrafa kayan lantarkin gida, shi kuma ya gaya wa amfilifaya inda za ta koma. Na Aqara ɗin yana bambance dannawa ɗaya da biyu da kuma riƙewa, kenan ɗaya talabijin, biyu kiɗa daga waya, riƙewa a kashe komai.

Idan amfilifayarka tana hawa intanet ka huta. Amfilifayoyin Denon da Marantz suna karɓar umarni ta fot 23, wato ƙofa mai lamba 23 a netwok, ka tura rubutun SITV ta koma talabijin, SICD ta koma CD, kuma za ta dawo maka da amsar inda take. Sai dai ka shiga saiti ka bar netwok ɗinta a kunne ko tana barci, in ba haka ba idan ta mutu ba za ta ji kira ba.

Tsohuwa wadda rimot kaɗai ta sani kuwa sai ka haɗa da na'urar infared, wato hasken da rimot ke aika umarni da shi, irin Broadlink RM4 mini, ka nuna mata rimot ɗinka ka danna, ta haddace siginar. To a nan ne ake shan wahala, don Allah a kula: wasu rimot maɓalli ɗaya ne ke zagaya dukkan infut, ka danna ya wuce na gaba, ka sake dannawa ya ƙara wucewa, shi kuma infared magana yake ba ya jin amsa, don haka ranar da wani ya canza da hannu shikenan lissafin ya rikice, ka danna talabijin ka ji rediyo. Nemi lambar siginar infared da ke cewa "koma HDMI 1" kai tsaye, na'urori da dama suna da irinta ko da ba a sa ta a jikin rimot ba. Haka ma kunnawa da kashewa, kowanne da lambarsa daban ya fi.

Sannan ka sa jinkiri na 'yan daƙiƙu tsakanin umarnin kunnawa da na canza infut, saboda tana farkawa ba ta sauraron kowa. Idan kuma ka saita komai daidai amma tana komawa talabijin da kanta, duba HDMI-CEC, tsarin da na'urori ke ba juna umarni ta igiyar HDMI, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink, yawanci shi ne ke janye ta, ka kashe shi ko ka rage masa iko a saitin amfilifayar.