Wata bakwai ina gadin numfashina

Abin ya fara ne bayan rasuwar Baba a 2021. Kwana tara na yi ina jinyarsa a asibiti, ba ni da aiki sai kallon ƙirjinsa: ya ɗaga, ya sauka, in ya ɗan jinkirta gabana ya faɗi. Aka yi sadakar bakwai, 'yan gaisuwa suka watse, sai na koma kallon nawa ƙirjin.

Da rana a shago da sauƙi, ƙarar keken ɗinki da surutun yara masu koyo suna ɗauke mini hankali. Dare ne tashin hankali. Da na kwanta sai in ji kamar ni ke jan numfashin da hannuna, in na saki shi ke nan. Barci ya fara fizgata, sai in zabura ina haki. Maganar nan ta barci ƙanin mutuwa, wadda tun muna yara muke ji, ta dawo mini sabuwa.

Hajiya ta sa aka yi mini tofi, na kuma ji sanyi a raina, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk wanda na kai wa kuka, shawararsa ɗaya ce: ja dogon numfashi. Ni kuwa na ɗauke ta da gaske. Sai in zauna a bakin gado in yi ta zuƙar iska har kafaɗuna su ɗaga, sau ashirin, sau talatin. Jiri ya kwashe ni, yatsuna da leɓena su mutu, in ce to ga shi nan, iska ba ta isa ba, in ƙara zuƙa. Na sayi na'urar nan ta maƙalawa a yatsa, mai auna yawan iskar oksijin a jini, a kemis, naira dubu 12. Kullum tana nuna 97 ko 98, amma ranar da ta nuna 96 ban runtsa ba.

Hoton ƙirji, awon zuciya, gwajin jini, duk lafiya lau. Ban yarda ba, na canza asibiti na sake biya. Wannan kuɗin har yau yana yi mini ciwo.

Likita na uku ne ya ajiye takardun, ya ce, "Malam, riƙe numfashinka, kada ka saki ko me za ka ji." Na riƙe. Ban kai daƙiƙa 40 ba iska ta ɓalle da kanta. Ya ce, "Wa ya ja wannan? Kai ko jikinka?" Ya yi mini bayani cewa can ƙasan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, akwai wurin da ke tafiyar da numfashi ko mutum na barci, ko ya suma. Abin da yake lura da shi gurɓatacciyar iskar da muke fitarwa ce, kabon dayoksaid. Da ta taru a jini sai ya tilasta numfashi. Babban mutum a zaune yana yin 12 zuwa 20 a minti ɗaya ba tare da ya sani ba. Zuƙar da nake yi kuwa kwashe wannan iskar take fiye da kima, ita ke kawo jirin da mutuwar yatsun. Wato maganin da na riƙe wata bakwai shi ke hura wutar.

Da ya ce zai tura ni ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa na ɓata rai, na ce ni ba mahaukaci ba ne. Na dai je. Abin da suka ɗora ni a kai ya fi zuƙar wuya: in ji numfashin in ƙyale shi, kada in gyara, kada in ƙirga. In fargabar ta taso, in shaƙa kaɗan ta hanci, in fitar a hankali, in ci gaba da abin da nake yi.

In ƙirjinka na damunka, je a duba ka, asma da ciwon zuciya ba abin wasa ba ne. Amma in an ce lafiya, kada ka yi irin tawa.

Har yanzu yakan zo, musamman lokacin hunturu in ƙura ta toshe mini hanci. Na'urar tana cikin durowar shago tare da zare da allurai, yara sun cire batirin sun sa a tocila.