Lamba 128 da fuskar Inna

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau na yini a kan aikin da Malam ya ba mu a ajin koyon Python, wato harshen rubuta shirin kwamfuta, kuma har yanzu abin bai bar raina ba.

A baki aikin mai sauƙi ne: ka buɗe fayil ɗin hoto, ka karanta abin da ke ciki, ka mayar da shi baƙi da fari. Malam ya hana mu taɓa Pillow, wato kayan aikin Python da ke sauƙaƙa sarrafa hoto, ya ce sai mun ga hanjin hoto da idonmu tukuna. Shi ya sa muka juya hotunan zuwa tsarin PPM, wanda ake buɗewa kamar rubutu. Layin farko P3, sai faɗi da tsawo, sai 255, daga nan lambobi ne zalla har ƙasa. Kowane ɗigo na da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, daga 0 zuwa 255. Na ɗauki hoton Inna da yayata na ranar suna, mai faɗin 640 da tsawon 480. Ɗigo 307,200 ke nan, lambobi 921,600. Na jima ina kallonsu, ina mamakin wai wannan tulin shi ne Inna da mayafinta.

Hantsi ya tafi a kan kuskure guda. Akwai wani layi mai farawa da alamar # a saman fayil ɗin, shirina yana ta ƙoƙarin karanta shi a matsayin lamba yana tsayawa. Sai bayan azahar na gano, na ce ya riƙa tsallake shi.

Mayar da hoton launin toka ya yi daɗi. Ana ninka ja da 0.299, kore da 0.587, shuɗi da 0.114, a haɗa. Kore ya fi samun kaso saboda idon mutum ya fi jin haskensa. Sai mataki na ƙarshe: duk ɗigon da ya kai 128 ya zama fari, wanda bai kai ba ya zama baƙi. Na zaɓi 128 ne don ita ce rabin 256, ko daƙiƙa ɗaya ban yi ina tunani a kanta ba.

Da hoton ya fito, ga bango, ga mayafi, ga yayata da hancinta da bakinta, don ita tana da haske. Fuskar Inna kuwa ta zama dunƙulen baƙi, in ban da farin ido da haƙora. Ƙanwata ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Yaya, ina Inna ta shiga?" Wallahi sai na ji kunya kamar na yi mata rashin ladabi a gaban mutane. Shirin bai yi kuskure ba, abin da na umarce shi ya yi.

Na tura wa Malam hoton ta WhatsApp, ya maido da saƙon murya mai tsawo, ya ce in nemi labarin Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana da ta yi bincike a jami'ar MIT a Amurka. Wata manhajar gano fuska ta kasa ganinta har sai da ta rufe fuskarta da farin abin rufe fuska. A 2018 ita da Timnit Gebru suka gwada manhajojin IBM da Microsoft da Face++ da hotunan 'yan majalisa 1,270 daga Ruwanda, Sanagal, Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin Turai uku. Wajen bambance mace da namiji, kuskure a kan maza farare bai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kashi 34.7. Nasu ya fi nawa zurfi nesa ba kusa ba, don su daga tarin hotuna na'ura take koyo, kuma fararen fuskoki sun rinjaya a hotunan da aka saba amfani da su. Amma na ga dangantakar: ba a gwada da irin fuskar Inna ba kafin a ce an gama. Mu kuma nan ana ɗaukar fuskokinmu wajen rajistar NIN, har na'urar BVAS ta zaɓen 2023 tana duba fuska.

Bayan la'asar na koma. Na sa shirin ya buga mini lambobin fuskarta, na tarar duk suna ƙasa da 100, amma ba ɗaya suke ba, goshi daban, kunci daban. Komai nata yana cikin fayil ɗin, ma'aunina ne ya share. Sai na jefar da 128, na sa a auna kowane ɗigo da matsakaicin maƙwabtansa, 15 a tsaye 15 a kwance. Tsohuwar kwamfutata ta yi ta nishi na mintuna, ga wuta an ɗauke, ina kallon batir ina addu'a.

Ta fito. Har tsagar da ke kuncinta ta fito, wadda ko a ainihin hoton sai ka ƙura ido. Bangon ne ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gero, wannan sai gobe in Allah ya kai mu. Na kai wa Inna ɗakinta ta gani, ta riƙe kwamfutar da hannu biyu, ta ce in je shago a wanko mata shi a takarda.