Daga Santambul zuwa Kars: wankan da ya ƙaryata ni

Kwana huɗu ke nan da dawowata Kano, amma har yanzu in na shiga bayi da bokitina sai dariya ta kama ni. Shekara arba'in da 'yan kai ina dirzar jiki da soso da sabulun salo, ina ganin babu wanda ya kai ni tsafta. Sai da na je garin mutane wani tsoho mai gashin baki ya nuna mini abin da nake yawo da shi.

Sari ne ya kai ni Santambul kamar kullum. Na gama zagayen Laleli, unguwar 'yan sari, na miƙa kayana kago, saura kwana goma sha biyu a tikitina. Ɗan ƙanwata da ke karatu a Ankara yana hutun ƙarshen Janairu, ya zo ya same ni. Ya ce, "Kawu, zuwanka shida ƙasar nan, ban da shago da otel me ka sani?" Na rasa amsa. Nan muka yanke mu bi ƙasa, mota da jirgin ƙasa, har Kars, can gabas dab da iyakar Armeniya.

Da ya fara kawo zancen hamam, gidan wankan Turkawa, tsawa na daka masa. Ni da girmana in tuɓe a gaban ƙarti? Duk da haka ya ja ni muka ga na Cemberlitash, kusa da babbar kasuwar nan mai rufi. Sinan, babban maginin Daular Usmaniyya, shi ya gina shi a 1584 bisa umarnin Nurbanu, mahaifiyar Sarki Murad na Uku, kuma har yau ana wanka a ciki. Yaron ya ce da yawan waɗannan gidaje waƙafi aka gina su, a da kuɗin wankan da ake biya shi ke riƙe masallatai da makarantu. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. Amma da muka tambayi farashi a wasu biyu da ke unguwar 'yan yawon buɗe ido, da yuro aka gaya mana. Na buga lissafi a waya, na ga ya haura kuɗin buhun shinkafa. Na ce wa yaron mu tafi, dattina bai kai haka tsada ba.

Sanyin Bursa ne ya karya mini taurin kai. Mun sauka dusar ƙanƙara ta rufe dutsen Uludag fari fat, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Bayan la'asar a Ulu Jami, masallacin nan mai ƙubba ashirin, muka kutsa lungu muka sami wani hamam na 'yan unguwa, ko allon kirki babu a ƙofarsa. Abin da suka karɓa hannunmu mu biyu, har da guga, bai kai rabin na mutum ɗaya a Santambul ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kunyarsu. Aka ba ni ɗaki na ni kaɗai, aka miƙo mini wani zane mai ratsi-ratsi da suke kira feshtamal, na ɗaura daga cibiya zuwa gwiwa. Babu mai cire shi har a fito. Ko da ya jiƙe za a sauya, sai ma'aikacin ya ware busasshen ya kare ka, ya kau da kai. Mata kuwa ɓangarensu daban da ƙofarsu daban, inda babu ɓangare biyu kuma a raba lokaci. Wallahi yaran da ke wanka a kududdufin unguwarmu da damina sun fi su tsiraici nesa ba kusa ba.

Ciki kuwa tururi ne da amsa-kuwwa. A tsakiya akwai wani faffaɗan dakali na marmara, gobek tashi, wato dutsen cibiya, wanda wuta ke ɗumamawa ta ƙarƙashi. Na kwanta rigingine ina kallon ƙubbar da aka huda da ƙananan tagogin gilashi, haske na zubowa kamar ta rariya. Jikin bango kuma ga kwamin dutse, kurna, kowanne da famfon zafi da na sanyi. Ba a shiga ciki, ba a tsoma sabulu. Kamfata ake yi a sheƙa a ka, yadda muke yi da moɗa. Da na tambayi sunan kwanon da ake kamfatar, aka ce tas. Na ce tasa? Sabulu kuma sabun. Na ce ashe ma 'yan gida ne, Larabawa suka raba mana gado.

Sai ga tellak, mai gugar. Tsoho ne, ya kai sittin da biyar, damatsansa kamar na mahauci. Bai ce mini uffan ba. Ya zura hannu cikin wata 'yar jaka mai kaushi, kese, ya kama hannuna ya ja sau uku. Jama'a, abin da ya fito! Datti ne yake murɗewa dogo-dogo kamar taliya 'yar murji. Bai bar ni da kunyata ba, sai da ya ɗago hannun nawa ya nuna mini, ya girgiza kai. Na ce wa yaron ya gaya masa da safen nan na yi wanka. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce kowa haka yake faɗa. Daga nan ya kaɗa wani buhun yadi cikin ruwan sabulu, ya cika shi da iska, ya matse mini kumfa har na ɓace. Ya murɗe ni, ya danne ni, gaɓoɓina suna ƙas-ƙas, ina ta salati. A ƙarshe ya sheƙa mini tasa guda ta ruwan sanyi ba sallama. Ihun da na yi, ɗan ƙanwata ya rantse sai ya ba uwarsa labari.

Na fito aka naɗe ni da tawul uku, har da na ka kamar rawani, aka zaunar da ni gefen murhu, aka kawo ayran, wato nono ne tsararo da gishiri. Duk wanda ya gifta sai ya ce "sihhatler olsun", kamar a ce Allah ya sa lafiya. Mu muna da sannu da aiki, sannu da hutawa, har sannu da rana, amma ba mu da sannu da wanka, don wankanmu abin ɓoyo ne. Ban san rabon da in yi barci irin na daren nan ba.

Washegari ni da kaina na ce a kai ni Cekirge, unguwar da ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Can akwai tafki a tsakiya ana shiga. Na taɓa shiga Wikki a Yankari, amma Wikki ɗumi ne kawai, wannan kuwa ya tuna mini wankan jego, har na ji tausayin matanmu.

A hanyar Ankara aka tsayar da motarmu a wani shingen bincike. Jami'in ya duba katin kowa cikin daƙiƙa, ni kuwa ya riƙe fasfona yana juya shi kamar mai neman ƙwarƙwata, ya sauko da ni cikin sanyi, ya tambaye ni sau uku me ɗan Najeriya ke nema a nan. Da ya gaji ya cillo mini shi. Yaron mota ne ya wanke mini zuciya, ya zuba mini turaren lemon tsami a hannu, ya kawo shayi ba tare da na nema ba.

Daga Ankara muka hau jirgin gabas, Dogu Ekspresi. Gadon kwana ya ƙare tun tuni, a kujera muka kwana, muka wuce Kayseri da Sibas cikin duhu. Arzurum, inda muka sauka, tana kan tudu kusan mita 1,900, sanyinta kuwa ba a ba yaro labari. Ko masauki ba mu nema ba, hamam muka fara tambaya. Can muka haɗu da wani dattijo, yaron yana ce masa amja, wato baffa. Da ya ji daga Najeriya muke kuma musulmi, ya ce ya zauna tanti kusa da mutanenmu a Mina. Ya koya mini shan shayinsu: ka gutsiri sukari mai tauri ka riƙe a baki, ka dinga kurɓa. Kofi biyar na sha. Da muka je biya aka ce amja ya riga ya biya, ya tafi. Ko sunansa ban tambaya ba.

Kars kwana ɗaya muka yi. Cuku, zuma, ƙanƙara. Hamam ɗin da muka samu ranar mata ce, muka juyo.

Tsarabar da na fi ji da ita kese uku ce da feshtamal biyu, na saye su a kasuwar Bursa bayan ciniki mai zafi. Shekaranjiya na gwada kesen a bayinmu, hunturu na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ruwan bokiti ya huce kafin in kai kafaɗa. Ko ɗigon datti bai fito ba. Uwargida ta karɓe sauran biyun, ta ce za su yi kyau wajen goge tukunya.