Tsinken gwajin fitsari na Helen Free, da yadda zafin Abuja ke kashe shi

A da, mai duba suga a fitsari sai ya tafasa shi da wani ruwan sinadari mai shuɗi da ake kira Benedict, ya jira ya koma kore ko ja. Helen Murray Free ce da mijinta Alfred Free suka raba mu da wannan wahala. Ta shiga kamfanin Miles da ke Elkhart, jihar Indiyana ta Amurka, a 1944, bayan ta gama karatun kimiyyar sinadarai a kwalejin Wooster. A 1956 suka fito da Clinistix: ɗan tsinke ne, a tsoma a fitsari, a duba launi. Daga baya aka jera gwaji goma a kan tsinke ɗaya, shi ne Multistix. Shugaba Obama ya ba ta lambar yabo ta fasaha a 2010, ta rasu a 2021 tana da shekara 98.

Dabarar tana cikin ɗan murabba'in da ke bakin tsinken. Akwai enzayim, wato sinadarin halitta mai sarrafa wani abu, mai suna gulukos oksides, wanda ba ya taɓa komai sai gulukos, wato sugan da ake nema. Idan ya same shi sai ya fitar da wani sinadari, haidirojin feroksaid, enzayim na biyu ya yi amfani da shi ya rina takardar. Duk wanda ya riƙe wannan ya san inda kuskure ke shigowa.

Kwalbar fitsarin da aka wanke da bilic ba a ɗauraye ta sosai ba za ta rina takardar ko babu suga, a ce wa mai lafiya yana da ciwon suga. Bitamin C kuwa akasin haka yake yi, yana danne launin, har jinin da ke cikin fitsari ma yakan ɓoye. Don haka a tambayi mara lafiya abin da yake sha, musamman lokacin hunturu da kowa ke haɗiyarsa saboda mura.

Enzayim ba ya son zafi, ba ya son danshi. Ana ajiye tsinken ne ƙasa da digiri 30, ba a firji ba. A watan Maris ɗakin gwajin da ba na'urar sanyaya ɗaki a Nyanya ko Gwagwalada yakan wuce haka nesa, sannan damina ta kawo raɓa. Ka ga gwangwani a buɗe kan tebur tun safe, an jefar da ɗan ƙunshin da ke tsotse danshi, bakin tsinken ya fara dafewa. Wannan ya mutu, ko da kwanan watansa bai ƙare ba. A ciri ɗaya, a rufe nan take.

A tsoma na daƙiƙa ɗaya kacal, a goge gefensa a bakin kwalba, a riƙe shi a kwance don kada ruwan wannan murabba'i ya gangara wancan. A Multistix ana karanta suga a daƙiƙa 30, furotin da jini a 60, fararen ƙwayoyin jini sai minti 2. Da agogo, ba da ka ba. Fitsarin da ya haura awa 2 a ajiye kuwa, ƙwayoyin cuta sun fara cinye sugansa, gara a karɓi sabo.

Suga ba ya tsallakowa cikin fitsari sai ya kai wajen 180 mg/dL (ma'aunin yawan suga) a jini. Tsinke ya nuna babu, amma mutum na fama da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, to a tura shi gwajin jini da safe kafin ya karya.